Dattijon da Ya Daina Zuwa Coci

Shekarar da aka mayar da ni ofishin kula da lafiyar dabbobi na Gumel, mutum ɗaya tak na tarar a cikin ma'aikatan wanda ba Musulmi ba. Kowa Likita yake ce masa, mu na ƙasa da shi kuma Baba Likita. Mutumin kudancin Bauchi ne. Tun Jigawa tana cikin Kano aka turo shi, ya zauna, ya haifi 'ya'yansa a nan, har Hausarsa ta koma irin tamu. Dogo ne siriri, furfura ta cinye gefen kansa, kuma ba ya saurin magana. In aka yi masa tambaya sai ya ɗan yi shiru kamar bai ji ba, sannan ya amsa.

Ni a lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, na kuma yi shekaru ina aiki a Sule Tankarkar, don haka ba baƙon aikin ba ne ni. Amma a wajensa na koyi duba dabba da gaske. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, tare muke tafiya a babur ɗinsa, mu isa kara, wato kasuwar dabbobi, tun rana ba ta yi zafi ba. Shanu da raƙuma da tumaki suna ta shigowa daga ƙetaren iyaka, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi. Shi sai ya tsaya ɗan nesa ya ƙare wa garke kallo, ya nuna sa ɗaya ya ce a ware shi. In aka buɗe bakin san, sai a tarar da gyambo. Fulanin da ke kawo shanu daga Damagaram sun san shi. Dillalai kuwa sukan ji haushinsa, domin ba ya sa hannu a takardar dabbar da bai yarda da lafiyarta ba. Duk da haka ban taɓa jin wanda ya zage shi ba.

Na san dattijo ne a cocinsu. Ƙaramar coci ce a bayan gari, ta ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. A tsarinsu dattijo muƙami ne, ba yawan shekaru ba: su ke zama da fasto su yanke shawara, su sasanta ma'aurata, su hukunta mai laifi. Ya kusa shekara ashirin a kan wannan kujera. Ranar Lahadi nakan gan shi ya wuce ta ƙofar gidanmu cikin farar riga, matarsa a bayan babur tana riƙe da littattafansu. Ban da wannan, zancen addini bai taɓa haɗa mu ba. In azahar ta yi muna kara, sai ya karɓi jakata da akwatin allurai ya zauna a inuwa har in dawo daga masallaci.

Wata Lahadi cikin bazara na ga matarsa ta wuce ita kaɗai a bayan ɗan acaɓa. Mako ya zagayo, haka. Na ɗauka ba shi da lafiya, amma ranar Litinin sai ga shi a ofis garau. Na yi kusan wata biyu ina lura, ban ce komai ba. Ranar da na yi magana, muna dawowa ne daga Maigatari tayar babur ta sace. Muka tura shi zuwa rumfar wani mai faci, muka zauna a gindin darbejiya muna jira.

Na ce, "Baba Likita, na ga Mama ita kaɗai take zuwa coci kwanan nan. Lafiya dai ko?"

Ya ce, "Lafiya lau. Sun sauke ni daga dattijo. Sauran kuma ni na sauke wa kaina."

Ban zaci zai ƙara ba, amma ya ƙara. Ina jin ya daɗe yana neman wanda zai faɗa wa, wanda ba ya cikin maganar.

Akwai wani bakanike a cocinsu, mai gyaran manyan motoci a tashar Maigatari. Mutumin ya faɗa shan giya, har ya taɓa buguwa ya yi abin kunya a wajen bikin auren wani ɗan coci. Dattawa suka zauna suka sa shi a ƙarƙashin horo na wata shida. Likita ya bayyana mini abin da horo yake nufi: mutum zai riƙa zuwa sujada, amma a bencin baya zai zauna, kuma ba zai ci jibi ba. Jibi shi ne ɗan gurasa da abin sha da suke rabawa a cikin sujada sau ɗaya a wata, don tunawa da cin abincin ƙarshe da Almasihu ya yi da mabiyansa. A wurinsu babu abin da ya kai shi girma.

Ya ce, "Ni na kawo shawarar horon. Ka riƙe wannan, kada ka ɗauka ni na fi su."

Bakaniken ya daina shan giyar. Kowace Lahadi yakan taso tun daga Maigatari ya zo ya zauna a bencinsa. Wata shida ya cika. Amma doka ta ce kafin a ɗage horo, sai mai laifi ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi laifinsa da bakinsa. Shi kuwa mutumin yana da in'ina mai tsanani. Ya tashi sau ɗaya zai yi, magana ta sarƙe masa, wasu samari suka yi dariya, ya koma ya zauna. Daga ranar bai sake gwadawa ba. Likita ya roƙi sauran dattawa a yarda ya faɗa a gabansu su kaɗai. Suka ce in aka sassauta wa ɗaya, gobe kowa zai nema. Haka horon wata shida ya haura shekara.

"Ranar jibi ni ke ɗaukar faranti," in ji shi. "Na bi layi-layi har na zo baya. Ka'ida in juya daga nan. Sai na gan shi ya sunkuyar da kai, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa kamar yana tsoron kada su miƙa kansu. Ban yi niyya tun daga gida ba. Na dai ga na tsaya a gabansa na miƙa masa farantin. Ya girgiza kai. Ban tafi ba. Na yi ta tsayuwa har ya ɗauka."

Dattawa suka kira shi a makon. Suka ce ya ba jama'a haƙuri a gaban kowa, magana ta wuce. Ya ce zai ba da haƙurin rashin shawartarsu, amma ba zai ce abin da ya yi zunubi ne ba, domin bai yarda zunubi ne ba. Suka sauke shi.

Na ce, "Shi ne ka yi fushi ka daina zuwa?"

"Ba fushi ba ne. Ba su kore ni ba, sun ce in ci gaba da zuwa. Na je sau biyu. Ina zaune ana rera waƙar da na sani tun ina yaro, sai na ji bakina ne kawai ke motsi. Na tambayi kaina tun yaushe abin ya zama haka, na kasa tunawa."

Ya ce daga nan ya koma gida ya ɗauki littafinsu, ya sake karanta labarin rayuwar Almasihu kamar wanda bai taɓa gani ba, ya bar duk abin da aka koya masa a kai. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Bai ga inda Almasihu ya gina ɗakin ibada ba, bai ga inda ya naɗa kwamiti ba, bai ga bencin baya ba. Ya ga mutum yana cin abinci da waɗanda jama'a ke ƙyama, yana faɗa da shugabannin addinin zamaninsa a kan fifita doka bisa mutum, kuma kusan duk maganarsa a kan zuciya take: abin da ke fitowa daga cikinta, da yadda ake wanke ta.

"A ganina abin da ya kawo aikin ciki ne. Mu muka zo daga baya muka zagaye shi da katanga, muka sa ƙofa, muka tsaya a bakin ƙofar muna zaɓen mai shiga. Shekara ashirin ina tsaye a ƙofar nan, ban taɓa leƙa cikin kaina ba."

Na tambaye shi to me yake yi ranar Lahadi. Ya ce in matarsa ta fita sai ya shiga ɗaki ya tura ƙofa ya zauna.

"Da farko ina ta zuba addu'a, yadda na saba. Yanzu galibi shiru nake yi. In ka yi shiru abubuwa sukan fito. Wanda ka riƙe a zuciya shekara goma ya fito. Ka san yadda nake ƙin sa hannu a takardar dabba mara lafiya? Na gano rabin abin tsoron Allah ne, rabin kuma daɗin da nake ji in an ce Likita ba ya karkata. Wannan ba wanda zai sa ni horo a kansa, domin ba a ganinsa."

Mai faci ya gama, muka hau muka taho. Amma ni ban ji maganar yadda ya faɗe ta ba. Abin da kunnena ya ɗauka shi ne mutumin nan ya bar coci, yana neman gaskiya, kuma ni Allah ya kawo kusa da shi. Na kwana biyu ina jin daɗi a raina. Sai na je wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke limancin masallacin unguwarmu, na kwashe labarin duka na faɗa masa.

Kawu ya ce, "Shi ya ce maka yana son shiga Musulunci?"

"Bai faɗa da baki ba, Kawu, amma duk alamu sun nuna."

Bai so zuwa ba. Ni na matsa. Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi gidan Likita, Kawu da rawaninsa, ni a bayansa. Unguwar ma'aikata ce, kowa na zaune a ƙofar gida, kowa ya gan mu.

Likita ya shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ya kawo ruwa da kansa. Kawu ya yi magana mai taushi, ya faɗi matsayin Almasihu da mahaifiyarsa a wurinmu, ya faɗi abin da muka yi imani da shi game da kaɗaitakar Allah. Likita ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na gode. Na san son alheri ne ya kawo ku. Amma ɗanka bai fahimce ni ba. Ni mabiyin Almasihu ne, yanzu ma fiye da da. Ba gida nake nema in koma ba. A inda nake nake so in yi gyara."

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Kawu ya ce, "Allah ya shirye mu baki ɗaya." Likita ya ce amin. Suka yi musafaha.

Da muka kusa gida sai Kawu ya juyo wajena. Ya ce, "Mutum ya ba ka amanar abin da ke ransa, kai kuma ka ɗauko ni da rawani ka bi da ni ta tsakiyar unguwa. Gobe ka koma ka ba shi haƙuri."

Kafin in koma, magana ta riga ta bazu. Alhamis ɗin da ta biyo, a kara, dillalai suka riƙa zuwa suna yi masa barka, wani har da tambayar sunan da ya zaɓa. Ya riƙa cewa, "Ba haka ba ne," a hankali, amma wanda ya ji ƙaryatawar bai kai wanda ya ji labarin yawa ba. Na ba shi haƙuri a ofis. Ya ce ya wuce, kuma na ga alamar da gaske yake. Sai dai bai sake yi mini zancen abin da ke ransa ba na tsawon lokaci.

Wadda ba ta bar maganar ta wuce ba ita ce matarsa. Wata rana na je gidan kai masa wasu takardu, ban same shi ba. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Mace ce gajera mai ƙiba, tana sayar da kayan miya a kasuwar Gumel, kuma ta saba yi mini fara'a. Ranar ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, zauna. Ka san abin da ka jawo mini? Mata a coci sun daina tambayata lafiyar maigida. Sai dai su dube ni su kawar da kai."

Na ce, "Mama, ki yafe mini. Kuskure na yi."

"Naka mai sauƙi ne. Nasa ne ke damuna." Ta ajiye farantin. "Yana cewa abin a zuciya yake. Ban musa ba. Amma lokacin da 'yarmu ta biyu ta rasu a garin nan, ba mu da dangi ko ɗaya. Zuciya ce ta haƙa kabari? 'Yan cocin nan ne. Matan nan da yake ganin doka ta yi musu yawa, su suka yi kwana bakwai suna dafa mana abinci. In kowa ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, wa zai san wani na kuka? Kuma bakaniken da ya yi abin dominsa, ina yake? Kunya ta sa ya bar garin gaba ɗaya. An ce yana can wajen Zinder. Shi bai tsira ba, mu ba mu tsira ba."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Shekara talatin da huɗu muna zama benci ɗaya. Yanzu jakata nake ajiyewa a wurinsa."

Haka aka yi shekara biyu. Ita tana zuwa, shi yana zama a ɗaki. A wurin aiki na ga wani canji a tare da shi wanda ban san yadda zan kira shi ba. Har yanzu ba ya sa hannu a takardar dabba mara lafiya, amma ya daina juya baya ya tafi in ya ƙi. Yakan tsaya da mai dabbar, ya gaya masa maganin da zai saya, wani lokaci ya bi shi har ruga ranar da ba ta aiki ba. Akwai wani tsohon ma'aikaci da suka daɗe ba sa ga-maciji saboda wani ƙarin girma da aka taɓa yi. Likita ya hau babur ya je har ƙauyensu ya ba shi haƙuri. Mutumin da kansa ya faɗa mini, yana mamaki, domin a cewarsa shi ne ma mai laifin, ba Likita ba.

A farkon damina ta uku muka je yi wa shanu allurar riga-kafi a wata ruga kusa da Gagarawa Tasha. Da hantsi ne, an ɗaure maruƙa, muna bin manyan ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga sirinji ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya kife ƙasa gaba ɗaya. Da muka juyo da shi, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki. Ni da mai rugar da 'yan'uwansa muka ɗauke shi a kan tabarma har bakin titi, muka tare wata mota zuwa asibitin Gumel. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce.

Ya yi mako uku a asibiti, aka sallamo shi gida. Ba ya iya tashi, magana kuma sai da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya. 'Ya'yansu suna nesa, babban a Jos, ƙaramar tana karatu. Nakan je kusan kullum bayan an tashi aiki. Kuma kusan kullum nakan tarar da matan cocin. Sun raba kwanaki a tsakaninsu: wannan ta wanke zannuwa, waccan ta dama kunu, wata ta tsare wa Mama rumfarta a kasuwa. Mazajensu, har da biyu daga cikin dattawan da suka sauke shi, su ke zuwa su ɗaga shi su yi masa wanka.

Wata rana da yamma aka fito da shi tsakar gida a kujera. Wata mata tana shanya zanen gadonsa a igiya. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya yafito ni da hannun hagu. Na matso da kunnena.

"Ta yi gaskiya," in ji shi. Na gane matarsa yake nufi. Ya huta, ya sake haɗa ƙarfi. "Na duba dokarsu. Ban duba hannunsu ba."

Na ce, "To za ka koma ke nan, in Allah ya ba ka lafiya?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ni ma na yi gaskiya."

Faston cocin a lokacin sabo ne, saurayi, bai daɗe da zuwa ba, kuma ba ya nan aka yi rigimar. Yakan zo ya zauna. Ina nan ranar da ya tambaye shi ko ya yi masa addu'a, Likita ya gyaɗa kai. Da aka gama faston ya ce, "Baba, in ka yarda in gaya wa dattawa ka janye maganarka, ba sai ka faɗi komai da bakinka ba. Kai kawai za ka ɗaga." Likita ya dube shi da tausayi, ya girgiza kai. Faston bai sake tayar da maganar ba, kuma bai daina zuwa ba.

Ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero, wata safiyar Talata. Ina ofis aka kira ni.

Da azahar faston ya aiko a ce yana son ganina a harabar coci. Ban taɓa shiga wurin ba. Na tarar da dattawa biyar a kan benci a inuwar ginin, Mama tana gefe da mata biyu. Faston ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da kiran. Akwai maganar da ta daɗe tana yawo, cewa marigayi ya karɓi addininku a ɓoye. An ce kai ne ka kai masa malami. In haka ne, gawarsa taku ce, ba za mu riƙe ba. Muna so mu ji daga bakinka."

Na ji nauyin abin da na yi ya dawo mini sabo. Na ce, "Ni na kai malamin, ba da saninsa ba. An yi masa tayi, ya ƙi, a gabana. Ya ce shi mabiyin Almasihu ne fiye da da. Da ya karɓa, da ni zan fi kowa murna, kuma da ba zan ɓoye ba. Bai karɓa ba. Maganar da ta bazu laifina ne."

Wani tsoho a cikinsu ya ce, "To in namu ne, me ya hana shi shigowa shekara uku?"

Na ce, "Wannan ku kuka fi ni sani. Ni dai na san bai daina addu'a ba."

Suka ce in ɗan ba su wuri. Na koma bakin ƙofa na tsaya. Na fi rabin sa'a ina jin muryoyi suna tashi suna sauka. A ƙarshe faston ya fito ya faɗa mini: za a binne shi a maƙabartarsu, kusa da 'yarsa, kuma shi zai yi addu'a a bakin kabari. Amma ba za a shigo da gawar cikin coci ba kamar yadda ake yi wa dattawa. Uku sun so a shigo da ita, biyu sun ƙi, Mama ce ta raba gardamar. Ta ce mutumin da bai shigo da ƙafarsa ba, kada a shigo da shi a ɗauke.

Washegari da la'asar aka yi jana'izar, bayan 'ya'yan sun iso. Maƙabartar tana can bayan gari, an kewaye ta da ƙaya. Mu Musulmi muka tsaya daga waje: ma'aikatan ofis, Kawu, dillalai daga Maigatari, da Fulani kusan ashirin waɗanda ban san yadda labari ya kai musu ba. Mun fi na ciki yawa. Suka rera waƙa biyu. Faston bai yi doguwar magana ba. Abin da na jiyo daga inda nake shi ne, akwai tambayar da marigayi ya bar musu, kuma shi bai iya amsa ta ba tukuna. Ɗaya daga cikin dattawan nan biyu da suka ƙi, shi ya fara karɓar shebur.

Bayan wata uku babban ɗansu ya zo da mota ya kwashe kayan gidan, Mama ta koma ƙauyensu. Mukan yi waya jefi-jefi. Ta taɓa ce mini, "Malam, har yau ban san ko daidai ya yi ba. Wata rana in tashi da haushinsa, wata rana in ga kamar ya ga abin da ban gani ba." Ba ta nemi in ba ta amsa ba.

Abu ɗaya ta roƙe ni. Ƙasar wurin rairayi ce, kabari kan zauna in ruwa ya yi yawa, kuma 'yan cocin da suka san shi suna ta raguwa, wasu an yi musu canjin wurin aiki, wasu sun koma gida. Don haka duk shekara in damina ta ɗauke nakan ɗauki fartanya in je, mai gadin cocin ya buɗe mini. Na tambayi Kawu abin da ya halatta gare ni a wurin, ya faɗa mini, kuma ban wuce shi ba. Nakan nome ciyawar da ta rufe kaburburan biyu, nasa da na 'yarsa, in tara ƙasa inda ta zauna. In na gama sai in wanke hannu, in kira ta in ce mata na je, komai lafiya.